Garin da hanyar mota ba ta kai ba: kwana huɗu a Churchill

Tun ranar da na sa hoton farar dabbar nan kwance bisa duwatsu, saƙonni ba su bar ni na huta ba. Wani ya ce kura ce ta tsufa, wani ya ce rago ne aka kumbura da kwamfuta, wani abokina na Maraɗi kuwa cewa ya yi: "Kai dai faɗi gaskiya, gidan kallon dabbobi ka shiga." To ga labarin yadda ya faru. Ku yi haƙuri da tsawonsa, don abin da na je nema daban, abin da na dawo da shi daban.

Shekara biyu ke nan ina karatu a Winnipeg, babban birnin jihar Manitoba ta ƙasar Kanada. Da hutun watan Agusta ya zo, kuɗin jirgin zuwa gida ya fi ƙarfin aljihuna. Ni da wani ɗan Senegal da muke ɗaki guda muka haɗa ɗan abin da muka samu wajen aikin hutu, muka ce bari mu tafi arewa, mu ga inda ƙasar ta ƙare. Gaskiya ni dai hoto na je nema, in sa a Facebook a ce ɗan wane ya kai bangon duniya.

Sunan garin Churchill. Yana bakin Tekun Hudson, daidai inda kogin Churchill ke zuba. Ƙidayar 2021 ta ce mutum 870 ke zaune cikinsa, wato wani ƙauyen namu ma ya fi shi jama'a. Ba hanyar mota da ta kai can, ko ta kwalta ko ta birji. Ko ka hau jirgin sama, ko ka hau jirgin ƙasa. Mu talakawa muka hau na ƙasa: kilomita wajen 1,700, ya fi daga Yamai zuwa Diffa, kwana biyu cur muna ciki.

Ranar farko gonaki ne iya ganinka, alkama da wata shuka da ake matse mai daga cikinta. Daga nan daji ya soma, itatuwa dogaye masu tsini, da tabkuna ba iyaka. A garin Thompson na ga mutanen ƙauyukan hanya suna loda kwalaye na abinci cikin jirgi, don can gaba komai tsada gare shi. Sai na tuna ranar kasuwa in motar ƙauye za ta tashi. Da gari ya waye rana ta ƙarshe, na leƙa taga, itatuwa sun gajarce sun zama kamar sabara, wasu ma rassansu gefe guda kawai suke, don iskar teku ta hana ɗaya gefen tsiro. Jirgin yana tafiya sannu-sannu kamar amalanke. Dalili shi ne ƙasar da aka shimfiɗa dogon a kanta daskararriya ce daga ciki, in rani nasu ya zo sai samanta ya saki ya yi laushi. A 2017 ambaliya ta wanke dogon, garin ya yi shekara ɗaya da rabi ba jirgin ƙasa, sai ƙarshen 2018 ya dawo. Ku auna da kanku yadda kuɗin madara da burodi suka koma a lokacin.

Abin farko da matar masaukinmu ta yi mana ba "sannu da zuwa" ba ne, gargaɗi ne. Ta ce kar mu bi bakin teku mu kaɗai, kar mu shiga tsakanin duwatsu, in mun ga allo an rubuta a tsaya to mu tsaya. Ƙarfe 10 na dare jiniya za ta yi kuka, kowa ya kama gabansa. Ta ce mutanen garin da yawa ba su kulle motocinsu, don wanda ya yi kiciɓis da dabbar ya samu inda zai faɗa. Na ce a raina: gari ke nan da ba a tsoron ɓarawo, ana tsoron naman daji.

Dabbar da ake magana, a littafin lakwal mun karanta ta da sunan "urs", ƴan uwanmu na Najeriya suna cewa beyar. Hausa ba ta raɗa mata suna ba tunda ba mu da ita. Ƙabilar Inuwit suna ce mata nanuk, ƙabilar Kiri suna cewa wapusk. Ni na ɗauki nanuk, da shi zan ci gaba, don mai abu shi ya san sunan abinsa.

Babban namiji yana kai kilo 500, har ya wuce. Gashinsa fari, amma fatar da ke ƙarƙashi baƙa ce. Abincinsa wata dabbar teku ce mai yawan kitse, wadda muka sani a lakwal da sunan "fok", kuma ba ya iya kama ta sai bisa ƙanƙara, inda yake laɓewa bakin ramin da take leƙowa ta sha iska. To a nan matsalar take. Tekun Hudson yana daskarewa da sanyi, ya narke wajen watan Yuli. In ya narke, dole nanuk ya fito tudu ya zauna kusan wata huɗu ba abincin kirki, yana cin kitsen jikinsa, yana rage wajen kilo guda kowace rana, har ƙanƙara ta dawo cikin Nuwamba. Churchill kuwa an gina shi daidai kan hanyarsu, kusa da inda teku ke fara daskarewa. Kamar dai a gina gari a tsakiyar burtali, a ce kuma shanu su yi haƙuri.

Saboda haka har gidan kaso aka yi musu. Wani tsohon ɗakin sojoji ne kusa da filin jirgi, mai ɗaki 28. Wanda ya matsa wa gari, aka kora da harbin tsoratarwa bai ji ba, sai a kama shi a kulle har wajen kwana 30. Ba a ba shi abinci, ruwa kawai, don kar ya koyi cewa wajen mutane ake ƙoshi. Daga baya a sa masa maganin barci, a ɗaure cikin raga, jirgi mai saukar ungulu ya kai shi arewa ya ajiye. Ba a barin baƙi su shiga, daga waje muka tsaya. Ɗan Senegal ya ce shi bai taɓa ganin fursunan da ake sallama da jirgin sama ba.

Rana ta biyu muka shiga kwalekwale mai inji muka fita bakin kogi. Ba mu yi nisa ba sai ga fararen bayansu suna ɓullowa ta ko'ina, kamar an watsa ƙwarya cikin ruwa. Beluga ke nan. Kama da kifi take amma ba kifi ba ce: haihuwa take yi, ta shayar da nono, ta ɗago ta shaƙi iska, kamar ayun da masuntan kogin Kwara suka sani. Tsawon babba ya kai mita 4. Ɗiyansu toka-toka ake haihuwarsu, sai sun girma su yi fari. Duk shekara cikin Yuli da Agusta dubbai suke shigowa bakin kogin, inda ruwa ya fi ɗumi. Mai kwalekwalen ya jefa wata na'urar sauraro cikin ruwa, sai muka ji fito da ƙyas-ƙyas da kuka iri-iri, kamar bishiyar da tsuntsaye suka cika da magariba. Wata ta biyo mu, ta juya wuya ta dube ni ido cikin ido. Wallahi ban san sanda na ce "subhanallahi" da ƙarfi ba, har sauran suka yi dariya.

Can ƙetaren kogin akwai wata tsohuwar ganuwa ta dutse, mai siffar tauraro, da bindigogin igwa wajen 40 jere a kanta. Kamfanin Ingilishi mai sayen fatu, wanda ake kira da sunan Tekun Hudson, shi ya fara gina ta a 1731, aka yi kusan shekara 40 ana aiki. A 1782 wani hafsan Faransa, La Pérouse, ya iso da jirage uku. Mai riƙe da ganuwar, Samuel Hearne, mutanensa ba su kai 40 ba, sai ya miƙa wuya ba a harba ko harsashi guda ba. Da na ji haka na kalli ɗan Senegal, shi ma ya kalle ni. Ya ce: "Ashe har nan suka zo?" Muka yi ta dariya, mai gadinmu da bindiga a kafaɗa bai gane abin da ya ba mu dariya ba.

A hanyar dawowa ne muka ga nanuk. Yana kwance kan duwatsun bakin teku, ya ɗora haɓa kan hannu, ko motsi ba ya yi. Na zaci zan ga abin tsoro, sai na ga mai jiran tsammani. Mai kwalekwalen ya ce ba lalaci ba ne, tattalin ƙarfi yake yi. Ya ce yanzu ƙanƙara tana saurin narkewa, tana jinkirin dawowa, kwanakin yunwarsu sun ƙaru da makonni in an gwada da shekarun 1980. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2016 ta samu wajen 842 a wannan yanki, ta 2021 ta samu 618. Ni da na tashi inda ake ɗaga kai ana duban gabas ko hadari zai haɗu, ba sai an yi mini dogon bayani ba. Mu ruwa muke jira ya sauko, shi ƙanƙara yake jira ta kama. In damina ta makara, mun san wanda ke fara faɗuwa: mai ciki da ƙaramin ɗa. Haka abin yake a wajensu.

Maganar gabas ta tuna mini. Da na tashi yin sallar la'asar a masauki, na juya inda rana ke fitowa yadda muka saba, sai wayata ta nuna mini alƙibla tana arewa maso gabas. Magariba kuma sai kusan ƙarfe 9. Daren nan, bayan jiniya, muka tsaya bakin ƙofa muka ga sama ta ɗauki wani koren haske yana kaɗawa kamar an shanya zane iska na wasa da shi. An ce ƙurar da rana ke fesowa ce take karo da iskar sama. Ko mi ne ne, na ga ikon Allah.

Rana ta uku muka shiga gidan tarihin Itsanitaq, wanda limaman Katolika suka fara tarawa a 1944. Sunan da harshen Inuwit yana nufin kayan da. Ɗaki ne ƙarami amma cike: kwalekwalen fata, masu na farauta, fitilar dutse da ake kunnawa da kitse, da sassaƙe-sassaƙe na dutse da ƙashi da haure, wasu ba su fi yatsa ba. Wasu kayan sun haura shekara dubu uku. Bayan gari kuma, bakin teku, akwai duwatsu da aka ɗora kan juna suka yi siffar mutum ya buɗe hannuwa. Inuksuk suke ce masa. A ƙasar da ba bishiya ba tudu, shi ke gaya wa matafiyi hanya, ko inda aka ɓoye abinci. Duk wanda ya taɓa jin labarin ayarin Bilma ya san amfanin alama a fili.

Har nan yawon buɗe ido nake yi. Abin ya canza da yamma, sanda wani dattijo ɗan garin ya ɗauke mu a motarsa ya ce zai nuna mana wani wuri da ba kowa ke tambaya ba. Ƴan kilomita kaɗan daga gari ya tsaya. Ba komai sai ciyawa da ƙananan itatuwa, da tushen gidaje na siminti da daji ya fara cinyewa. Ya ce nan ne ƙauyen Dene, nan mahaifiyarsa ta yi ƙuruciya.

Garin nan mahaɗar ƙabilu uku ce tun kafin zuwan Turawa: Inuwit daga arewa, Kiri daga kudu, Dene daga yamma. Wani reshe na Dene, su Sayisi, rayuwarsu duk tana bin karibu, wata irin babbar barewa mai ƙaho da rassa, da ke ƙaura garke-garke. Naman abinci, fatar sutura da tanti. Da kaka sukan kashe da yawa a mashigin ruwa, su bar naman ƙanƙara ta rufe shi, ya zama rumbunsu na lokacin sanyi. Ma'aikatan gwamnati suka ga hotunan gawarwakin dabbobi jibge, suka ce ɓarna ce, waɗannan mutane su ke ƙarar da karibu. Cikin Agustan 1956 aka aiko jirgi tabkin Little Duck aka kwashe su, aka sauke su bakin teku a Churchill, sanyi na tafe. Gidajensu da yawancin kayan farautarsu suka tsaya can. Daga baya aka matsar da su kusa da maƙabarta, daga nan aka kawo su wannan wuri. Mafarautan da ba su taɓa roƙon kowa ba suka koma tsintar abinci a juji. Giya ta shiga, gobara ta ci gidaje, sanyi ya kashe mutane a hanya tsakanin ƙauyen da gari. Cikin mutum 250 da ƴan kai da aka kwaso, sama da 100 sun mutu kafin 1973, shekarar da sauran suka tattara suka koma daji da kansu, suka kafa gari a tabkin Tadoule. Daga baya ta bayyana ba su ne suka rage karibu ba. Sai a 2016, bayan shekara 60, gwamnatin Kanada ta nemi gafara, ta ba da diyyar dala miliyan 33.6.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce mahaifiyarsa har ta rasu ba ta taɓa ba su labarin wurin nan ba, a bakin wasu ya ji. Harshen Dene ma kaɗan yake ji, don ta ga gara ɗiyanta su yi Turanci su huta. Sai ya juyo ya tambaye ni: "Ku a ƙasarku, mi kakanninku ke yi?"

Jama'a, nan bakina ya mutu.

Ga abin da ban taɓa rubutawa ba. Kakana Bafillace ne, makiyayi, daga arewacin Dakoro, wajen Bermo. A farin 1984, shekarar da tsofaffi ke kira El-Buhari, shanunsa suka ƙare, ya sauko Maraɗi da iyalinsa ya kafa bukka a bakin gari. Ya ƙare rayuwarsa yana gadin kantin wani Alhaji. Ni na tashi na same shi zaune bisa tabarma da sanda da buta, ba ya yawan magana. Babana yana da shekara 12 sanda suka sauko, ya koyi gyaran babur, ya auri Bahaushiya, ya zama ɗan gari. Fulatanci ko gaisuwa ban iya ba. Kuma in faɗi gaskiya don Allah, ina lakwal in an tambaye ni aikin kakana sai in ce ɗan kasuwa ne. In ya zo wucewa ta ƙofar lakwal da rawaninsa da sandarsa, sai in yi kamar ban gan shi ba. Ya rasu ina aji uku na kwaleji, ban taɓa tambayarsa sunan saniya ɗaya daga cikin shanunsa ba.

Ba na ce labarin biyu ɗaya ba ne. Su hukuma ce ta kwashe su da jirgi bisa zargin ƙarya, mu fari ne ya kore mu, ba wanda zai zo ya nemi gafara. Amma zaman bakin gari iri ɗaya ne. Mutumin da ya san kowace rijiya da kowace ciyawa, wanda ake zuwa neman shawararsa, ya wayi gari saninsa bai da kasuwa. Sai ya yi shiru, ɗansa ya bar harshen, jikansa ya ji kunyarsa. Na yi tafiyar dubban kilomita ina jin tausayin kakannin wasu, alhali nawa na bar shi zaune bisa tabarma.

Na ce wa dattijon: "Makiyayi ne. Shanu gare shi." Karo na farko ke nan da na faɗi haka ga baƙo. Ya gyaɗa kai ya ce: "To ka san abin da nake faɗi."

Daren nan ban fita kallon haske ba. Na jira gari ya waye a gida na kira Baba. Bayan gaisuwa na ce: "Baba, shanun Kaka nawa ne kafin fari?" Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can ya ce: "Wa ya aike ka?" Na ce ba kowa. Ya ce Bafillace ba ya ƙidaya shanunsa a gaban mutane, amma jajaye ne masu dogon ƙaho, kuma kowace da sunanta. Ya fara kiran sunayen ɗaya bayan ɗaya, da irin muryar da ban taɓa jin ya yi magana da ita ba. Ya gaya mini rijiyoyin da suke shayarwa, da yadda suke haurawa arewa in ruwa ya sauka, su gangaro kwarin Tarka in kaka ta yi. Ya ce saniyar ƙarshe a hanya ta kwanta, Kaka ya zauna kusa da ita tun azahar har dare, ya ƙi yarda a yanka ta sai da ya ga ba makawa. Katina ya ƙare muna tsakiyar magana.

Tun daga ranar na roƙe shi, in ya tashi daga gareji ya samu sarari, ya riƙa yi mini saƙon murya. Yanzu ina da guda 14. Wasu Fulatanci ne zalla, sai na tura wa wata gwaggona ta fassara mini. Na sayi kaye ina rubuta sunayen rijiyoyin. In Allah ya kai ni gida, kafin in zauna hira da abokai, Bermo za ni, kuma da Baba za mu.

Masu tambaya ko tafiyar ta cancanci kuɗinta: ta cancanta. Wanda ke Kanada ya samu hali ya je. Mai son beluga ya je Yuli ko Agusta, mai son ganin nanuk da yawa ya je Oktoba zuwa Nuwamba, amma lokacin masauki tsada gare shi, sai an kama tun da wuri. Ku riƙe rigar sanyi ko da rani ne, ku ji maganar mutanen gari, kuma in kun je kar ku tsaya kan dabbobi kaɗai, ku ce a kai ku ƙauyen Dene.

Ku kuma da ke gida, wanda kakansa ko kakarsa ke da rai, wayar da kuke karanta wannan da ita tana ɗaukar murya. Ku zauna yau da dare ku tambaye su daga ina aka taso, mi ya taso da su, mi aka baro can. Ni na makara da nawa.

Allah ya jiƙan Kaka, ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, ya ba mu damina mai albarka. A gaida mutanen Maraɗi, da na Dakoro, da na Bermo da ban san su ba tukuna.